Mashaya ce, ku kira ta mashaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na wancan makon ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba da daɗin rai na ɗauka ba. Wakilinku ya zagaya The Fleece Inn ta ƙauyen Bretforton a Ingila lungu-lungu, yana ta faman cewa "tsohon gidan cin abinci", "gidan tarihi", amma ko sau ɗaya kalmar mashaya ba ta fito daga bakinsa ba. Kunya ce ta hana shi, ko tsoron kada masu sauraro su kashe rediyo?

Bari ku ji abin da ya jawo mini. Surukina ya zo wurinmu a Birmingham ganin jikoki, tare muka saurari shirin a waya. Dattijo ne mai son tsohon gini, nan take ya ce sai an kai shi. Da na ji sunan wurin na ɗan yi turus, na ce, "Baba, anya kuwa?" Ya ce ai rediyo ba za ta yi masa ƙarya ba. To wa zai tsaya gardama da suruki? Muka ɗauki hanyar Evesham, tafiyar kusan awa guda.

Gaskiya ginin ya cancanci yabo, ban ƙi ba. Gidan manomi ne tun ƙarni na 15, daɓen dutse, katakon rufi ya yi baƙi ƙirin don tsufa da hayaƙi, sai ka sunkuya kafin ka shige wata ƙofar. Baba ya tsaya yana shafa bencin nan mai doguwar jingina, yana kallon farantan kuza da aka jera a bango. Da muka zo kan zanen da'irori da ke ƙasa a gaban murhu, na gaya masa an yi su ne don kada mayu su sauko ta bututun hayaƙi. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe Turawa ma suna da mayunsu. Rabon da in ga ya saki jiki haka tun ranar da ya sauka.

Sai muka juya, ga wani bawan Allah ya taho da ƙaton kofi yana kumfa, warin ya daki hancinmu. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Mu tafi." Daga nan har gida ban ƙara jin muryarsa ba, sai ƙarar carbi. Maiɗakina kuma ta ɗora da nata, wai ni da na shekara da shekaru a ƙasar nan na kai ubanta gidan giya.

Masu wurin ba su da laifi, ba su ɓoye sana'arsu ba. Wakilinku ne ya ɓoye. Cewa ya yi a 1848 aka "buɗe gidan ga baƙi". Ba haka ba ne, a shekarar gidan ya samu lasisin sayar da giya. Ya ba da labarin Lola Taplin, mai gidan a da, wadda ta bar shi ga hukumar National Trust mai adana wuraren tarihi lokacin da ta mutu a 1977, har ya ambaci gobarar 2004 da gyaran da aka yi bayanta. Duk wannan ya samu lokacinsa, kalma ɗaya ce ta gagare shi. Har yau ana zuba giya a wurin kamar yadda ake yi a zamanin matar, kuma hakan na cikin abin da hukumar ke adanawa.

Ban ce kada ku kawo labarin irin waɗannan wurare ba. Mu ba yara ba ne. A ƙauyen Ingila mashaya ce dandali, nan ake haɗuwa, nan ake jin labarin gari, duk wanda ya zauna nan ya sani. Ku faɗa mana abin da wuri yake, mai son ganin katako da murhu ya je da saninsa, wanda ba ya so ya zauna gida da mutuncinsa.

Sannan kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana, don Allah ku rage shi. Rabin abin da baƙinku ke faɗa garaya ce ke cinyewa, kuma wannan ne karo na biyu da nake rubuto muku a kai.

Naku,
Mai sauraro daga Birmingham