Godiya Ga Ma'aikatan Tashar Jirgin Ƙasa Da Ba Sa Barin Bakin Dandamali

Ranka ya daɗe Manajan Tasha,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a domin ta isa kunnen ƙananan ma'aikatanka, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba. Lokacin da aka girke injinan sayar da tikiti da ƙofofi masu buɗewa da kati, da yawanmu mun zaci sallamar ma'aikata ce za ta biyo baya. Sai ga shi kun fito da su daga bayan taga, kun tsayar da su inda jirgi ke tsayawa.

Wanda bai taɓa shiga cunkoson lokacin tashi daga aiki ba, da wuya ya gane amfanin haka. Jirgi ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, ko direba ya hango mutum a kan layi ya taka burki, sai ya yi tafiya kafin ya tsaya. Na baya na turo na gaba, na gaba kuma ba abin da ke gabansa sai layin dogo. Na ga ma'aikacinka ya lura dandamali ya cika, ya yi magana ta oba-oba, nan take na bakin ƙofa suka dakatar da shigowa har jirgi ya kwashe na ciki. Masu sauri suka yi ta tsaki, wasu har da baƙar magana, ko a jikinsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ake karɓar mahaifiyata da keken guragunta. Tsakanin tarago da dandamali akwai tazarar da tayar keke za ta iya faɗawa. Kafin mu nema, an kawo faranti na ƙarfe an shimfiɗa, an tambaye ta, "Mama, a ina za ki sauka?" Sai a kira waccan tashar, mu tarar da wani yana jiran mu daidai ƙofar taragonmu. Haka ma masu larurar gani. Tayil mai tudu-tudu da ke bakin dandamali, wanda aka fara shimfiɗa irinsa a birnin Okayama na Japan a 1967, yana nuna wa mai sanda iyakar inda zai taka, amma idan an sauya wa jirgi dandamali sai an sami wanda zai riƙe hannunsa.

Na san masu lissafin kuɗi na cewa kyamarorin tsaro sun wadatar. Kyamara tana gani, amma ba ta da hannun da za ta janye yaro daga bakin layi. Yawan ma'aikata kaɗai ma bai isa ba idan babu horo. Gobarar tashar King's Cross ta Landan a 1987, wadda ta tashi a ƙarƙashin matakalar lantarki ta katako, ta kashe mutum 31, kuma binciken da aka yi ya gano ba a horar da ma'aikata yadda ya kamata kan gobara da fitar da jama'a ba. Shi ya sa ba na ƙorafi idan na iske kuna atisaye. A Ingilar dai, a 2023 an so rufe yawancin ofisoshin sayar da tikiti, fasinjoji da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman suka ƙi amincewa, har gwamnati ta sa aka janye shirin a watan Oktoba.

Roƙona guda ne: kada a rage masu aikin dare. Mace da ta sauka daga jirgin ƙarshe, ganin mai rigar aiki a tsaye shi ke kwantar mata da hankali har ta fita. A kuma miƙa gaisuwata ga masu shara da ke goge matakala duk ranar da aka yi ruwan sama. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a bakin aikinku.

Taku,
Wata fasinja mai bin tasharku