Maganadisu da sufakondakta ba kullum ne Annabi da kafiri ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Na karanta bayanin da kuka kawo a shafin kimiyya kan sufakondakta, wato ƙarfen da in ya yi sanyi sosai lantarki ke bi ta cikinsa ba tirjiya ko kaɗan, kuma wallahi na ji daɗi, sai dai wuri ɗaya na ce a'a, inda aka ce shi da maganadisu ba sa ga-maciji. Haka aka ɗauka da can, kuma da dalili, ka zuba ɗan ƙwalli na sinadari mai maganadisu cikin irin ƙarfen nan na da, sai abin ya mutu murus.

To amma a 1979 wani Bajamushe, Frank Steglich, ya gwada wani haɗi na siriyam da jan ƙarfe da silikon, CeCu2Si2, ya sanyaya shi zuwa wajen rabin digiri a ma'aunin Kelbin, wato dab da ƙarshen sanyi baki ɗaya, sai ga shi ya zama sufakondakta, alhali siriyam ɗin nan cike yake da maganadisu! Mutane da yawa ma ba su yarda ba da farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da ya sa ake ce wa elektaron na irin wannan haɗin, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, masu nauyi. Elektaron ɗin fa ba ƙiba ya yi ba, a'a, yana tafiya ne kowane atam na siriyam na riƙe masa riga, ya fizge nan a kama shi can, kamar mutum cikin taɓo har gwiwa, in aka auna sai ka ga kamar ya ninka nauyinsa sau ɗari, wani lokaci har dubu. Kuma wai waɗannan masu jan ƙafar ne ke haɗuwa bibbiyu su yi gudu ba abin da ke tare su. Masana da yawa na ganin rawar da maganadisun ke yi ita ce ma ke ɗaura musu auren, ba girgizar atam ba kamar yadda BCS, wato sanannen bayanin 1957 kan sufakondakta irin na da, ya nuna.

A 2000 kuma a Kambirij ta Ingila aka matse UGe2, wani haɗi na yuraniyam da jamaniyam, da ƙarfi, aka tarar maganadisun da sufakondaktan suna zaune ɗaki ɗaya. Don Allah a ɗan gyara mana a fitowa ta gaba.

Naku,
Mai karanta shafin kimiyya