A yi wa tsofaffin jiragen yaƙinmu littafin hotuna tun tsatsa ba ta cinye su ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mai gyaran waya ne a Ikeja, a Agege nake zaune, duk jirgin da zai sauka ko ya tashi a filin Murtala Muhammed sai mun ji shi har cikin ɗaki. Amma son jirgi ba a nan na samo shi ba, tun ina yaro a Kaduna ne, lokacin da muke fere karan dawa muna yin mota da jirgi, mu soka tsinke a hanci mu sa farfela ta kwali, in ƙananan jiragen koyon tuƙi sun gilma ta wajen Mando mu bar wasan mu ɗaga kai har sai sun ɓace. Yanzu da girma ya zo abin bai bar ni ba, sai dai kara ya koma roba. Akwai kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan da Revell da ke yin jirage 'yan ƙanana gunduwa-gunduwa a cikin kwali, kai za ka yanko ka goge da sanfefa ka haɗa da gam ka yi fenti ka manna sitika, kuma ba kayan wasan yara ba ne domin komai a kan awo yake. In ka ga an rubuta 1/72 a jikin kwalin to ana nufin an rage jirgin gaske sau 72, wato C-130, jirgin dakon sojoji da kaya, mai fukafukai kusan mita 40 zai dawo santimita 56 ko kusa da haka, ya zauna a kan tebur daram. Akwai 1/48 da 1/32 da suka fi girma, su ne ma suka fi tona asirin mai aiki saboda ko kusa ɗaya ka manta ido zai gani.

To takardar da ke cikin kwalin ba ta wuce ta ce maka manna wannan da wancan. Ba za ta nuna maka launin cikin mazaunin matuƙi ba, ko yadda bel ɗin kujerarsa ya kwanta, ko bututai da wayoyin da ke cikin ramin da taya ke shigewa, balle inda hayaƙin inji ya baƙanta jikin jirgin da inda takalmin makanikai ya goge fenti a kan fiffike. Wannan sai littafin hotuna. Turawa sun daɗe suna buga irin waɗannan littattafai, jirgi guda littafi guda, mai hoto ya zagaye jirgin tun daga hanci har wutsiya yana ɗaukar kowane lungu a kusa-kusa, a ƙarƙashin kowane hoto an yi bayanin mene ne wannan kuma wane samfuri ne yake da shi, a baya kuma a sa zanen jirgin ta sama da ƙasa da gefe da launukan da kowace runduna ta shafa masa da lambarsa. Ina da guda uku, gwanjo na saya, kuma wallahi kuɗin aiko su daga waje ya fi kuɗin littattafan kansu, ga damshin Legas da sai da na riƙa ajiye su a leda don kada shafukan su manne.

Wani zai ce ai ga intanet, me za ka yi da littafi. Na gwada. Hoton intanet yawanci daga nesa aka ɗauka, jirgin na sama ko yana can ƙarshen fili, ka zuƙo shi ya dusashe, wani kuma an rubuta sunan da ba nasa ba an yi ta yaɗawa a Facebook a haka. Ga shi hannunka duk gam da fenti ba ka son taɓa waya, in aka ɗauke wuta caji ya ƙare shi kenan aiki ya tsaya, littafi kuwa ka buɗe ka danne shi da kwalba ka ci gaba da fitilarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bara na sayi Alpha Jet da niyyar in yi shi da kore-fari-kore irin namu, tun da jirgin nan ya yi wa ƙasar nan bauta tun farkon shekarun 1980, ya je Laberiya da Saliyo lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ya zo ya yi aiki a Arewa maso Gabas. Na buɗe littafina sai na ga na Jamus da na Faransa ne suka cinye shafukan. Kuma ba ɗaya suke ba, na sojan Jamus hancinsa tsini ne, na Faransa na koyon tuƙi hancinsa a dunƙule. Na riga na manna mai tsini kafin wani dattijo da ke kawo mini gyaran waya, wanda ya yi aikin makanikancin jirgi har ya yi ritaya, ya ɗauka ya juya ya ce yaro, wanda na yi aiki a kansa ba haka hancinsa yake ba. Ya zauna a benci ya fi awa yana ba ni labarin inda ake buɗewa a duba inji da yadda rana ke kodar da fenti, na ce Baba kana da hotuna, ya ce akwai 'yan kaɗan a akwati amma ruwa ya taɓa su. Tun ranar abin ke damuna, saboda abin da ke kan mutumin nan ya fi littattafaina uku, kuma ba a rubuta shi ko'ina ba.

Duba fa irin tarihin da muke da shi. An kafa rundunar sojan sama a 1964, Jamusawa ne suka fara horar da ita har shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka samo MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet da L-29 ƙirar Cekoslobakiya, ga Il-28 mai jefa bam, ɓangaren Biyafara kuma a 1969 suka yi amfani da 'yan ƙananan MFI-9 ƙirar Suwidin da aka ɗaura wa roka. Bayan yaƙi aka kawo MiG-21 a 1975, sai Jaguar guda 18 a tsakiyar shekarun 1980 waɗanda ba su daɗe suna tashi ba, sai Air Beetle da aka harhaɗa a nan gida a Kaduna, irin wanda muke ɗaga kai muna kallo. Kowanne a cikinsu ya isa littafi. Sannan ga C-130 mai lamba NAF 911 da ya faɗi a Ejigbo nan Legas ranar 26 ga Satumba 1992 da hafsoshi sama da 150, Allah ya ji ƙansu, na daɗe ina son in haɗa shi daidai yadda yake in ajiye don tunawa da su amma ba na so in yi shi da ka, in shafa launin da ba nasa ba.

Na san za a ce harkar tsaro ce, kuma gaskiya ne, ba na cewa a buɗe mana Super Tucano ko JF-17 da suka iso a 2021 mu ɗau hoton cikinsu, waɗannan suna bakin aiki a bar su. Maganata kan waɗanda suka yi ritaya ne. MiG-17 ba shi da sauran sirri, gidajen tarihi na ƙasashe da yawa sun ajiye shi kowa na ɗaukar hotonsa, mu ma akwai jiragen zamanin yaƙin basasa a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Sai dai ƙarfen da ke waje rana ta doke shi ruwa ya doke shi ba ya jiran kowa, mu da ke Legas mun san yadda iskar teku ke cin kwanon rufi.

Don haka roƙona ga shugabannin rundunar sojan sama, a ba masu ɗaukar hoto na gida izini su zagaye tsofaffin jiragen nan da kyamara mai kyau, a zauna da tsofaffin matuƙa da makanikai su faɗi sunan kowane abu da launinsa da shekarar da aka canza shi, a karɓi hotunan da ke cikin akwatunansu a kwafa a mayar musu, a buga ko da siririn littafi ne jirgi ɗaya bayan ɗaya a kan farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Kuma don Allah a sa bayanin da Hausa kusa da Turanci, yaran Agege da Idi-Araba da Mile 12 da ke taruwa a shagona suna tambaya wannan mene ne wancan mene ne su ma su karanta da kansu, cikinsu akwai wanda yanzu ya fi ni iya riƙe burushi.

Kai ma Edita kana da rawar takawa, in jaridarku za ta ware ko rabin shafi ne a wata ta sa kira ga tsofaffin sojan sama su turo hotunansu da bayani, ni zan kai muku na dattijon nan da kaina in ya amince, na riga na yi masa maganar ya ce zai duba akwatin bayan sallah.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Agege, Legas.