Wasiƙa Zuwa Fatakwal Kan Marsandin Da Ka Aike Ni Dubawa

Gwale, Kano.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Ya uwargida da yara? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na leƙa gida, na tarar da Hajiya jikin da sauƙi sosai, har ta tsare ni sai da na ci dambu.

Saƙonka ya iso har da hotunan Marsandin da ka gani a Facebook, kuma na je na gan ta da idona. Na zaɓi in rubuto maka maimakon mu yi ta waya saboda maganar da tsawo, kuma ina so ka karanta a natse, ka nuna wa uwargida ma, tunda kuɗin da za a taɓa na gida ne.

Motar tana wajen wani dillali a titin Zariya. S500 ce ta 2002, baƙa wuluk, kujerun fata ruwan madara. Wallahi da na zauna a ciki na gane abin da ya ja hankalinka, don ni ma sai da zuciyata ta motsa. Kuɗin da ya sa mata kuwa bai kai na tsohuwar Corolla ta hannu ba.

Mun yi da shi zan zo da hantsi, sai na yi masa sammako ni da bakanikena na Kwakwaci, saboda irin wannan mota da sassafe ake ganin gaskiyarta, kafin kowa ya tayar da ita. Muka tarar gabanta na hagu ya durƙusa, har saman tayar ya ɓuya a cikin jikin motar. Yaron wajen ya yi sauri ya kunna, muka ji wani ɗan inji yana gurnani ta ƙasa, a hankali ta miƙe ta daidaita. Da da hantsin muka zo, a tsaye cak za mu same ta, ba abin da za mu lura da shi.

Bari in yi maka bayanin wannan, don shi ne babban abin da ke kwantar da waɗannan motoci. Ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba irin Corollarka, iska ce ke ɗauke da ita, tsarin da Marsandi ke kira Airmatic. Kowace ƙafa da jakar roba a cikinta, sannan ga ƙaramin kwamfuresa da ke hura su. Wannan laushin da kake ji in ta faɗa rami daga nan yake. To robar da ta haura shekara ashirin dole ta tsattsage, iska ta riƙa zurarewa, kwamfuresan ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Ka canza ƙafa ɗaya, sauran ukun suna nan tafe, tunda sa'annin juna ne. In ka je Ƙofar Ruwa za a ɗauko maka Beljiyam, amma ita ma daga jikin motar da ta yi shekarun taka aka kwance ta. Sabuwa kuwa sai an aika Ladipo a Legas ko waje, kuma da dala ake lissafinta. Wasu suna cire tsarin gaba ɗaya su sa sifirin, motar ta ci gaba da tafiya, amma daɗin da aka saye ta dominsa ya tafi ke nan.

Bakaniken ya ɗaga kafet ɗin gefen mai zaman banza ya ce in sa hannu. Soson da ke ƙasa a jiƙe yake, ga warin ruma. Wannan samfurin yana da wata magudanar ruwa a ƙasan gilashin gaba, in ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suka toshe ta, ruwan Agusta sai ya bi ta ciki ya kwanta a ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suka bi. Mota mai ƙananan kwamfutoci birjik kuwa ba ta shiri da laima. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama da kanta, jibi batir ya wayi gari a mace, mai rewaya ya yi ta yankan waya yana laluben inda ciwon yake.

Da muka buɗe bonet sai muka ga aikin da aka saba yi wa motoci a garin nan. An cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai-tsaye, tankin ruwan lagireto kuma cike da ruwan famfo mai tsatsa, ba kulant, ruwan sanyaya inji na musamman, ba. Indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, an daɗe da fasa shi an sayar. Na murɗa makulli ba tare da na tayar da inji ba don in ga fitilun gargaɗi sun kama, sai ta injin ta ƙi kamawa, alamar an rufe mata baki ke nan. Makullin ma ɗaya ne tak, kuma ba irin wanda ake yanka maka a bakin kasuwa ba ne, in ya ɓata sai an nemo mai kwamfuta, da kuɗi masu ciwo.

Zan faɗi alherinta, don tana da shi. Injin nan na V8 mai lita 5 yana cikin masu ƙwari da Marsandi ta taɓa yi, kuma na wannan ɗin ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Sai dai fulogi 16 yake ɗauka, biyu a kowace silinda, baƙin mai kuma wajen lita 8, mai kyau na asali, ba mai kaurin nan da ake ɗurawa a tasi ba.

Abin da nake so ka riƙe, aminina, shi ne kuɗin sayenta ne kawai ya faɗi, kuɗin riƙonta yana nan inda yake tun tana sabuwa. Lokacin da ta fito a Amurka ta haura dala 70,000, kuma duk wani ƙarfe da ke jikinta an yi masa farashi ne daidai aljihun mutumin da ya iya biyan wannan kuɗi. Kai da ka taso kana ganin hawan Daushe ka san sayen doki ba shi ne aiki ba, harawa da dusa da kanwa na kullum su ke raba mutum da shi. Ita ma arahar tana da dalili. Mai kuɗi sabuwa yake nema, mai ƙaramin ƙarfi tsoronta yake ji, sai ta rasa mai saye, farashi ya yi ta sauka. Ranar da kai ma ka tashi sayarwa, haka za ka same ta. Corolla kuwa ko da tsakar dare ka ce ka sa ta a kasuwa, kafin gari ya waye an taya.

Da a ce shekarun baya ne, da ban tsawaita haka ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani kayan gyara na waje ya bi ta. Tankin motar nan lita 88 ne. Ko a kan naira 900 ka lissafa, cika shi sau ɗaya ya kai 79,200, ya fi mafi ƙarancin albashin Kano na naira 71,000 da aka yanke a 2024. A cunkoson Ƙofar Nasarawa zuwa Ɗangi, da esi a kunne cikin zafin Afrilu, in lita ɗaya ta kai ka kilomita biyar ka gode Allah. Taka ta yanzu tana yin ninkin haka. Shi ya sa in ka zaga Nasarawa da Bompai za ka ga manyan motoci a lulluɓe da tamfol a cikin gidaje, tayoyi sun sace, masu su suna fita da ƙananan.

Kada ka ce ina hana ka abin da ni nake yi. Ka san ina riƙe da Lexus LS 430 ta 2004, kuma ina son motar nan har zuciyata. In na hau titin Zariya bayan asuba, ba na jin ƙarar inji ko ta iska, karatun Alƙur'ani yana tashi a hankali, in isa Kaduna ban gaji ba. Mahaifina da ke fama da ciwon baya ba ya yarda a kai shi asibitin Malam Aminu Kano a wata mota in ba ita ba, ya ce ita kaɗai ce ba ta jijjiga shi. Wannan kaɗai ya isar mini dalilin riƙe ta. Amma ba da ita nake kai yara makaranta ba, ba da ita nake shiga Kwari ko Singa ba. Akwai ƙaramar da ke wannan wahalar. Kuma duk wata ina ware wa Lexus ɗin wani abu a gefe, ko ta nema ko ba ta nema ba.

Dalilin da ya sa na zaɓe ta a kan ta Jamus ba ɓoyayye ba ne. Toyota ce ta ƙera ta, yawancinsu a kan sifirin na ƙarfe suke, in ban da masu tsadar cikinsu da aka sa wa iska, waɗanda nake ba ka shawarar ka kauce musu. Injinta ɗan gida ɗaya ne da na jif ɗin nan GX 470 da LX 470 da suka cika gari, don haka bakanikenmu sun san cikinsa. Abin da ba a wasa da shi a jikinta shi ne taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita tafiyar sassan cikin inji, ana canza shi duk bayan mil 90,000, tare da famfon ruwa, don in ya tsinke inji yana gudu ɓarnar babba ce. Mai kam tana sha, ba zan rufe ka ba. Su BMW 745 da Range Rover na waɗancan shekarun da ka ambata a ƙarshen saƙonka, ka bar su kawai. Na farkon an san shi da yoyon baƙin mai da hayaƙi, na biyun ga iska ga rikicin lantarki.

Akwai kuma wani kuɗin da ba a lissafa shi a gareji. Ranar da ka shigo unguwa da S500, ka zama Alhaji a idon kowa. Mai faci zai ƙara maka kuɗi, mai balangu ma haka, 'yan uwa da ke jin nauyin tambayarka za su daina jin nauyi. Duk bikin da aka tashi a dangi, motarka ce ta ɗaukar amarya, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, ga shi samarin da za su karɓi makullin ba su san zafinta ba. Sannan ka tuna lungunku na cikin gari. Motar nan ta haura mita biyar a tsawo, ba za ta iya shan kwanar gidan Hajiya ba, sai dai ka bar ta a bakin titi, inda 'yan adaidaita sahu ke gogar duk abin da ya tsaya.

Maganar takardu ma ban gamsu ba. Na nemi takardar biyan kuɗin kwastan, dillalin ya ce tana wajen mai motar, mai motar kuma ya yi tafiya. Ita kam tsohuwar shigowa ce, amma duk wadda za mu duba nan gaba sai mun kula, domin a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma da yawa daga cikin 'yan Kwatano ta ɓarauniyar hanya suka biyo. Kai da za ka riƙa zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Kano, shingen kwastan ba zai ƙirgu ba. Duk motar da muka yi niyya, zan ɗauki lambar jikinta mai harafi da lamba 17 in kai ofishinsu na Bompai a tabbatar, a kuma bincika tarihinta ta intanet, saboda motocin da ambaliya ta cinye a Amurka ana gwanjonsu, a wanke, a yi musu kwalliya a kawo mana.

Don haka wannan Marsandin dai ban yarda ka saye ta ba, ko da ya rage rabin kuɗin. Na gaya wa dillalin mun fasa, na ba yaronsa na goro, mun rabu lafiya. In har ranka yana kan babbar mota, kuma na san ka daɗe kana wannan buri tun muna makaranta, to ga abin da nake gani. Kada ka sayar da Corollar. Kuɗin da ka tanada ka raba shi, kada sama da kashi biyu cikin uku ya tafi wajen saye, ragowar a ajiye, don a watannin farko za a canza tayoyi da batir da duk wani mai da ruwa da ke jikinta. Tayoyin sababbi za mu sa, ba Beljiyam ba, kwaltar Kano a watan Mayu ba ta raga wa tsohuwar roba. Bakanike kuma tun kafin mota ake nemansa, wanda ke da kwamfutar gwaji kuma ya iya karanta abin da ta nuna. Nawa yana nan, na yarda da amanarsa.

Ya ce mini akwai wani dattijo a Hotoro da ke da LS 430 da ya riƙe da kyau, yana tunanin rabuwa da ita saboda 'ya'yansa sun hana shi tuƙi. Motar mutum ɗaya irin wannan, wadda aka san bakaniken da ke duba ta, ta fi mini wadda ta zaga hannu biyar. In kuma ka ga shan man ya yi maka yawa, Avalon mai silinda shida tana da faɗi da laushi daidai gwargwado, kayanta kuma ko'ina akwai. Ka sanar da ni nawa ka ware gaba ɗaya, da kuma ko za ka samu zuwa da Babbar Sallah, don na fi son ka tuƙa ta da hannunka kafin a biya ko sisi.

Hajiya ta ce in tuna maka maganar rufin ɗakin baya kafin damina ta kankama, na riga na kira kafinta ya duba, zan turo maka lissafin. Maiɗakina tana gaida uwargida, ta ce yajin da ta yi alkawari yana nan za ta ba direban da ke zuwa wajenku. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka.