Godiya ga ma'aikatan jirgin Yapei Queen, da suka kai mahaifina kan garinsu da ruwa ya ci

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin Volta Lake Transport Company, Akosombo, musamman mutanen da ke aiki a cikin jirgin ruwan Yapei Queen, a tafkin Volta na ƙasar Ghana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na rubuto ne domin in sauke wani nauyi da ke wuyana tun ranar da muka sauka daga jirginku. Da niyyata in kai takardar nan ofishinku hannu da hannu, sai Baba ya hana. Ya ce alherin da aka yi masa a gaban jama'a aka yi shi, don haka a gaban jama'a za a yi godiyar.

Sai na fara faɗa muku ko wane ne tsohon da kuka ɗauka, domin ku ba ku tambaya ba, kuka yi masa hidima kawai. An haifi Baba a zangon tsohon garin Kete Krachi, wanda tsofaffinmu ke kira Karaki. Kakansa Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ƙasar Gwanja, ya zauna a Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, shi da Hausawa da yawa suka gangaro Kete. A nan ne babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda shi ma haifaffen Kano ne, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Baba bai riske shi ba, amma a hannun almajiransa ya yi karatun allo. Da aka fara gina madatsar Akosombo a 1961, mutanen zango sun ji labari kamar abin da ke faruwa a wata duniya. A 1964 ruwa ya fara taruwa, Baba yana da shekara 14. Kafin Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar a Janairun 1966, an riga an tashi mutane kusan 80,000 an kai su sababbin matsugunai 52, gidansu Baba yana ciki. Abin da yake tunawa shi ne allonsa a hammata da tukwanen mahaifiyarsa a ka. Daga baya ya zo Accra neman abinci, ya zauna a Nima, ya haife mu. Ya sha zuwa sabon garin Krachi a mota, biki ko ta'aziyya, amma kullum in ya dawo sai ya ce mana garin da shi ya sani ba a zuwa shi da mota. Da ya haura shekara 70, gwiwoyi suka fara gazawa, ga ciwon suga, sai ya kira ni ya ce yana so in kai shi ta ruwa sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Ranar Litinin da la'asar muka isa bakin ruwa a Akosombo. Gaskiya na zo da fargaba, domin ban taɓa kwana a kan ruwa ba, kuma ban san yadda mutumin da ba ya iya hawa matakala uku zai hau jirgi mai bene ba. Mai sayar da tikiti ta dubi Baba, ta dubi sandarsa, ta tashi daga kujerarta ta kira samari biyu daga cikin ma'aikata. Ɗayansu, wani siririn yaro da ya ce a zangon Yeji ya girma, ya durƙusa ya gaida Baba da Hausa, ya ce, "Baba, ka riƙe wuyana kawai, sauran aikin namu ne." Haka suka ɗauke shi cak, suka hau da shi matakalar ƙarfen nan mai tsayi har ɗakin kwana na sama. Na miƙa musu ɗan abin shan ruwa suka ƙi karɓa. Mai dafa abinci kuma, wata dattijuwa da kowa ke kira Mama, da ta ji ina tambayar inda zan ajiye allurar insulin ɗin Baba, ta karɓa ta naɗe a leda ta sa a firjinta, kuma duk lokacin allura ita ke aiko min da ita tun ban nema ba.

Wanda bai taɓa shiga jirgin nan ba zai ɗauka abin hawa ne kawai. Unguwa ce sukutum take tafiya a kan ruwa. A ƙasa, inda ake loda kaya, ga akwatunan katako manya manya da babu komai a ciki, za a kai su arewa a ciko su da doya, ga buhunan gishiri, ga siminti, ga kwanon rufi, ga babura an ɗaure su da igiya. Mata 'yan kasuwa, waɗanda wasunsu kowane mako suna hanya, sun san wurinsu kamar yadda mace ta san ɗakinta. Jirgi bai gama barin gaɓa ba sun shimfiɗa tabarmi a tsakanin akwatunan, wasu ma cikin akwatin suke shiga su ɗaura zane ya zama labule, a kwantar da jarirai. Kana tsaye wuri ɗaya za ka ji Twi, ka ji Ewe, ka ji Gwanjanci, ka ji Turanci, amma in ciniki ya yi zafi ko ana son a yi wa baƙo kwatance, sau da yawa Hausa ake komawa. Da safe Mama ta dama koko, da rana shinkafa da wake, da dare banku da miya da soyayyar karfasa. Ta lura Baba ba ya shan sukari, sai ta riƙa ɗebar masa nasa kokon kafin ta zuba. Ban roƙe ta ba. Ta ce min mahaifinta ma da wannan ciwo ya rasu.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sai da magariba ta yi, wato alƙibla. A ƙasa ka san gabas ɗinka, a kan ruwa kuwa jirgi yana karkata dama da hagu yana bin hanyarsa, tsibiri ya wuce, wani ya taso, sai kanka ya juye. Mu wajen goma muka tsaya da butoci muna gardama, kowa yana nuna nasa gefen. Wani ma'aikaci da ba Musulmi ba ya hau ɗakin matuƙi ya duba kamfas, ya dawo ya ce mana tunda arewa muka nufa, mu fuskanci hannun dama na jirgin mu ɗan karkata gaba. Ya kawar da wasu igiyoyi, ya share wurin, ya tsaya daga gefe yana hana yara ratsawa ta gabanmu. Daga nan har muka sauka, duk lokacin salla sai ya zo ya gyara mana tsayuwa, in jirgi ya sauya hanya muna cikin salla sai ya jira mu sallame ya gaya mana domin ta gaba.

Daren farko ban yi barci ba, na zauna a waje kusa da ɗakin matuƙi. A nan na gane wahalar aikinku. Tafkin Volta ya kai faɗin murabba'in kilomita 8,500, amma ba ko'ina ne hanya ba. Lokacin da ruwa ya taso, dazuzzuka ya haɗiye a tsaye, itatuwan suna nan har yau, wasu sun fito da busassun rassa sama kamar hannuwa, wasu sun ɓuya ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, su ne mugaye. Duk wanda ke zaune a bakin tafkin nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda kwalekwale ya yi lodi fiye da kima ya daki kututture. Matuƙanku suna bin tsohuwar hanyar kogin, inda ruwa ke da zurfi, mutum ɗaya a kan sitiyari, ɗaya yana haska babbar fitila, ga kuma ragar masunta da ake kaucewa domin kada a yanke wa talaka abincinsa. Ba hira suke yi ba, kalma ɗaya ko biyu, sai shiru. Can ƙasa makanike yana fitowa jiƙe da gumi ya sha iska, ya sake komawa wurin inji. Mu fasinja muna ta minshari.

Da asuba yaron nan na Yeji ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ashe tun dare ya ba kyaftin labarin Baba. Ya ce, "Baba, kyaftin ya ce in kana iyawa ka zo, mun kusa." Suka sake ɗaukar sa har ɗakin matuƙi, inda fasinja ba ya shiga, aka ba shi kujera a gaban gilashi. Gari ya fara wayewa, akwai ɗan hazo a kan ruwa, masunta suna jan raga a cikin kwalekwalensu. Kyaftin ya cire hularsa ya gaida Baba, ya ce, "Alhaji, ba zan yi maka ƙarya in ce ga daidai inda gidanku yake ba. Amma tsofaffin masuntan nan sun ce tsohon garin ta wajen can yake." Ya nuna da hannu, ya rage gudun jirgi sosai har ƙarar inji ta koma kamar numfashi.

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Yana duban tudun da ke gaɓa, ya dubi ruwa, ya sake duban tudun, kamar mai auna gona. Sai ya fara magana a hankali, ba da mu yake ba. Ya ce masallacin Juma'a nan, kasuwa nan, ga hanyar da ake gangarawa kogi ɗiban ruwa, ga tsamiyar ƙofar gidansu inda suke karatun dare da wutar kara. Ya kira sunayen abokan karatunsa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da ya zo kan maƙabarta, inda kakansa Bakanon nan yake kwance da ƙannen Baba biyu da suka rasu suna ƙanana, muryarsa ta tsaya. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, ni da yaron muka shafa, kyaftin ya sunkuyar da kai har aka gama. Ni ɗansa ne, shekara 40 da wani abu ina tare da shi, ban taɓa jin sunayen ƙannen nan nasa ba sai ranar. Kafin mu sauka yaron ya zura bokiti da igiya ya ɗebo ruwa daga wurin, ya kawo wa Baba. Da shi ya yi alwalar walaha, sauran ya sa na zuba masa a gora.

Mun kwana a Krachi wurin dangi, muka tari jirgin a hanyarsa ta dawowa daga Yeji. Wannan karon akwatunan sun cika maƙil da doya, 'yan dako suna ta kai da kawo, mata suna ƙirga kayansu suna sa alama da alli. Tafiya ta yi nisa sai hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, ruwa ya fara dukan jirgi yana watso mana. Ma'aikata suka bi mutane suna raba rigunan ceto, suka fara da yara da tsofaffi, suka ƙara ɗaure kaya. Kyaftin ya kai jirgin bayan wani tsibiri ya laɓe, muka tsaya har iskar ta faɗi. Na ji wasu 'yan kasuwa suna gunaguni wai za su makara kasuwa, kuma na san asarar kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ce ga mai ɗan jari. Duk da haka ina bayan kyaftin ɗari bisa ɗari. Mutumin da ya ɗauki rayuka masu yawa haka, ya ga sama ta sauya ya ce a dakata, ya san abin da yake yi. A cikin wannan jira Mama ta dafa shayi ta aiko wa Baba, yaron kuma ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinmu har aka tashi, wai ko Baba zai bukaci wani abu.

Ga shugabannin kamfani ina da roƙo guda. Ku riƙe jirgin nan da kyau, ku riƙe mutanen da ke cikinsa. Na san kuna da manyan ayyuka, kuna kai mai da siminti har Buipe, kuna tsallakar da motoci tsakanin Yeji da Makango, wataƙila kuɗin tikitin talakawa ba ya cikin abin da ke cika muku aljihu. Amma na ga ƙauyukan da jirgin nan ke tsayawa, na ga yadda mutane ke fitowa bakin ruwa suna jiransa da doyarsu da kifinsu da marasa lafiyarsu. Su ma ruwan nan ne ya raba su da tsofaffin hanyoyinsu, kamar yadda ya raba Baba da garinsu.

Ban rubuta sunan kowa ba domin ban nemi izininsu ba, amma kun san waɗanda suka yi aiki a wannan tafiya, su ma sun san kansu. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a kan ruwa da tudu, ya ba Mama lafiya, ya yi wa yaron nan albarka yadda ya girmama furfura. Baba ya sa na kai ƙwaryar goro ɗaya ofishin tikiti na Akosombo a raba wa ma'aikatan jirgi, da darduma sabuwa ta yaron, da turmin atamfa na Mama. Ya ce wannan karon kada a ce ba za a karɓa ba, domin daga hannun uba ya fito. Gorar ruwan nan tana nan a ɗakinsa, kusa da allonsa.

Wassalam.

Naku mai godiya,
ɗan Alhajin da kuka ɗauka a wuya, daga Nima, Accra.