Kalmar "jijiya" da abin da take ɓoye mana game da jikinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato ƙarancin sanin da yawancinmu muke da shi game da yadda jikinmu yake aiki. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma abin da na lura da shi shi ne, wani ɓangare na matsalar yana cikin kalmomin da muke kiran gaɓoɓin da su, domin sau da yawa kalma ɗaya takan ɗauki abubuwa uku ko huɗu waɗanda aikinsu bai ko yi kama ba.

Babban misali shi ne kalmar jijiya. Idan mutum ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasa da tushen babban yatsa, zai ji wani abu yana bugawa. Wannan jijiya ce mai kaurin bango da ke kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki. Idan ya saki hannun ƙasa ya dubi bayansa, zai ga wasu layuka sun taso a ƙarƙashin fata, su ma jijiyoyi muke ce musu, amma aikinsu mayar da jini zuwa zuciya ne, kuma daga irinsu ne ma'aikacin jinya yake ɗibar jini idan za a yi gwaji. Idan kuma ya bugi gwiwar hannunsa da gefen tebur ya ji wani abu kamar lantarki ya zarce har ƙaramin yatsa, to ya taɓa jijiya ta uku, wadda babu jini da ke gudana a cikinta, saƙo kawai take kaiwa da kawowa tsakanin gaɓoɓi da laka da ƙwaƙwalwa. Ta huɗu ita ce irin agarar da ke bayan diddige, igiya mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi. Saboda haka idan majiyyaci ya ce wa likita yana fama da ciwon jijiya, bai faɗa masa komai ba tukuna, sai an sake zama an yi tambayoyi.

Iri biyu na farko su ne hanyoyin jini, kuma a ganina nan ya kamata kowa ya fara, domin jini ne ke haɗa sauran gaɓoɓin. Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana da ɗakuna 4. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu, inda zai sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki iskar oksijin, sannan ɓangaren hagu ya karɓe shi ya harba shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Baligi yana da jini kimanin lita 5, kuma idan yana zaune yana hutawa zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana tura kusan dukkan jinin nan a cikin wannan minti.

An daɗe kafin a gane haka. Shekaru fiye da dubu likitoci suna bin ra'ayin Galen, wani likita Bagirke na zamanin da, wanda ya ce jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya, har sai da Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya kuma rasu a 1288, ya ce babu waɗannan kafofi, ta huhu jinin yake bi. A 1628 ne William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagaye yake yi a jiki baki ɗaya, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsa mai karatu zai iya jarraba ta yanzu. A danne jijiyar da ta taso a hannu da yatsa ɗaya, a sa wani yatsan a shafe jinin zuwa sama, wajen kafaɗa. Za a ga wurin ya lotsa ya zauna babu jini, ba zai cika ba sai an ɗage yatsan farko. Dalili shi ne akwai 'yan marafai a cikin jijiyar da ke hana jini komawa baya. Ban taɓa nuna wa ɗalibai wannan ba face ajin ya yi tsit.

Wanda ya fahimci zagayen jini zai gane abin da ya sa cutar da ta taɓa wuri ɗaya take bayyana a wani. Ƙoda biyu da ke bayan ciki, kusa da haƙarƙarin ƙarshe, suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, suna tace ruwa kimanin lita 180 a rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita 1 zuwa 2 ba. Matatan da ke wannan aiki ƙanana ne ƙwarai, kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda, kuma hawan jini yana iya lalata su shekara da shekaru mutum bai ji ciwo ba. Hawan jinin nan shi ne kuma kan gaba wajen jawo fashewa ko toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ke sarrafa na hagu, sai a ga hannu da ƙafa sun shanye alhali su lafiyarsu ƙalau, ɓarnar tana cikin kai. Ko ƙashi, wanda ake ɗauka busasshen abu ne, yana cikin wannan lissafi, domin a cikin ɓargon wasu daga ƙasusuwa 206 na baligi ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kowace takan yi kimanin kwana 120 kafin a maye gurbinta.

Kalmar ciki ma tana da irin wannan matsala. A ƙarƙashin haƙarƙarin dama akwai hanta da matsarmama, a hagu akwai tumbi da saifa, sannan ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6 ya naɗe a tsakiya, babban hanji ya kewaye shi. Duk wanda ɗaya daga cikinsu ya dame shi cewa zai yi cikinsa ke ciwo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ciwon da ke tasowa idan jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar ta toshe yakan iya bayyana a saman ciki, ko a hannun hagu, ko a muƙamuƙi, mutum ya yi ta shan maganin gyambon ciki a gida alhali kowace sa'a tsokar zuciyarsa tana ƙara mutuwa.

Don haka nake roƙonka, ya Edita, da ka ware wani ɗan shafi, ko da sau ɗaya ne a wata, inda likita zai ɗauki gaɓa guda ya bayyana inda take da aikin da take yi, tare da zane da sunayen Hausa a jikinsa. Zan so a fara da jijiya, a zauna da likitoci da masana harshe a tsayar wa kowace daga cikin huɗun nan sunan da za a riƙa kiranta da shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin ilimin halittu