Ɓarin ciki da DNA na maitokondiriya: kada a ɗora wa mata laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Labarin da ake yaɗawa cewa sauyi a DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) na maitokondiriya na jawo ɓari yana buƙatar ƙarin bayani, domin tuni wasu suka fara fassara shi da cewa "matsalar daga dangin matar take".

Maitokondiriya su ne injinan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi. Suna da nasu DNA daban, ɗan ƙarami mai haruffa 16,569 da ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Ƙwan mace da ya nuna yana ɗauke da kwafinsa fiye da 100,000. Bayan ƙwai ya haɗu da maniyyi, ɗan tayi ba ya ƙera sabon kwafi sai dab da lokacin da zai manne a bangon mahaifa, don haka guzurin da ya samu daga ƙwan ne ke riƙe shi a kwanakin farko. Ana zargin cewa idan injinan sun yi rauni, musamman yayin da shekarun mace suka haura 35, rabon kuromosom (ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta) yakan karkace, ɗan tayi ya samu 47 maimakon 46. Irin wannan kuskuren kuromosom ne sanadin kusan rabin ɓarin da ake yi kafin mako 12, kuma yawancinsa tsautsayi ne na wannan cikin kaɗai.

Abin da ya wuce nan bincike ne da bai kammala ba. Babu wani gwajin DNA na maitokondiriya da likitoci suka amince a riƙa yi wa mai ɓari. Ko dashen maitokondiriya (amfani da lafiyayyun maitokondiriya na wata mace) da Birtaniya ta halatta a 2015, an yi shi ne don kare jarirai daga munanan cututtukan gado, ba maganin ɓari ba ne. Duk wanda ya karɓi kuɗinku da alkawarin irin wannan gwaji ko dashe don hana ɓari, ku nemi ra'ayin wani likitan.

Matar da ta yi ɓari sau biyu ko uku ta je wurin likitan mata. A duba sugan jininta da aikin tairod (wata gaɓa a gaban wuya), a ɗauki hoton mahaifa, a yi gwajin antifosfolifid mai sa jini daskarewa, a kuma maimaita shi makonni 12 bayan gwajin farko kafin a tabbatar, domin wannan yana da magani. A wurarenmu kada a manta da zazzaɓin cizon sauro da tunjere, sannan mijin ma a duba shi. A fara awo da wuri, a kwana cikin gidan sauro.

Idan mai ciki ta samu jinin da ke jiƙa audugar mata biyu cikin awa guda, ko zazzaɓi, ko wari, ko ciwon mara a gefe ɗaya tare da jiri, a garzaya asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar mata masu juna biyu